Matan Zumunta da Agogon Ofis

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da tarukan ma'aurata da na matasa a ikilisiyoyinmu na Arewa: shin ya dace mace mai bi ta kama aikin albashi, ko kuwa gida ne wurinta? Da an yi wa kakanninmu mata wannan tambaya a Kagoro ko Panyam ko Garkida shekara tamanin da suka wuce, da dariya za su yi. Macen da ta fita gona tun rana ba ta fito ba, ta dawo da itace a ka, ta surfa acca, ranar kasuwa ta kai daddawa, ba ta san wane zaman gida ake nufi ba. A Filato har akwai waɗanda suka yi dakon ƙasa a kwano a filayen haƙar kuza na Bukuru da Barikin Ladi, ana biyansu kuɗi a hannu. Aiki ba baƙo ba ne ga matanmu. Abin da ya zo daga baya shi ne agogo, da takardar shaidar karatu, da shugaban da ba miji ba ne kuma ba fasto ba. Tun da waɗannan suka shigo, ikilisiya ba ta gama sanin yadda za ta yi da 'ya'yanta mata ba.

Ita kanta bishara da aiki a hannu ta iso mana. 'Yan mishan na SIM sun fara tahowa a 1893, na SUM suka sauka Wase a 1904, na 'Yan'uwa suka kafa sansani a Garkida a 1923, na CMS kuma suka tashi daga birnin Zariya suka koma Wusasa a 1929. Duk inda suka zauna abu uku ake gani a haraba ɗaya: majami'a, makaranta, da ɗakin shan magani. Masu riƙe da makarantar da ɗakin maganin kuwa, da yawansu mata ne, wasu ma ba su taɓa aure ba. Johanna Veenstra ta zo daga Amurka a 1920, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, tana wa'azi, tana ba da magani, tana shugabantar tashar mishan, har ta rasu a asibitin Vom a 1933. Yau makarantar tauhidi da ke Donga sunanta take ɗauke da shi. 'Yan matan ƙauye sun ga irin waɗannan mata da idonsu: mace ba miji, tana ba maza umarni, tana riƙe da littafin kuɗi, tana wanke gyambo. Da baki 'yan mishan sun koyar cewa darajar mace mai bi tana cikin gidan aure na Kirista. Da rayuwarsu kuwa sun koyar da wani darasi dabam, kuma a ganina na biyun ne ya fi shiga.

Ba kyauta tuba ta zo wa mata ba, ko ta fuskar aljihu. A ƙasashe da yawa na tsakiyar Najeriya dafa burkutu ita ce babbar sana'ar mace, da ita take sayen zane, da ita take taimakon danginta ba tare da ta roƙi miji ba. Ikilisiyoyin bishara suka haramta ta. Wadda ta yi baftisma ta kife tukwanenta, kuɗin shigarta ya tafi tare da su. Abin da aka ba ta a madadi shi ne ɗinki, da saƙa, da yin sabulu, da karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932. A makarantun koyon Littafi kuma aka buɗe ajin matan ɗalibai, inda matar mai bishara ke koyon karatu da tsabta da renon yara. Wannan mata ita ce ma'aikaciyar ikilisiya ta farko a cikinmu, kuma ba a taɓa rubuta sunanta a takardar albashi ba. Ita ce malamar yaƙi da jahilci ta matan ƙauyen, ita ce ungozoma idan haihuwa ta zo da dare, ita ce mai saukar baƙi, ita ce kuma mai noma abin da gidan zai ci, domin abin da ake ba mijinta ba ya kai su tsakiyar wata. An ɗauki mutum ɗaya aiki, an samu biyu. Har gobe a karkara haka abin yake.

Daga nan sai zamanin nas da malama. Asibitin Vom ya fara a 1922, ga na Wusasa, ga na Garkida da Lassa, ga na Zonkwa, ga Jankwano a Jos, can ƙasar Nijar kuma ga Galmi da aka buɗe a 1950. Makarantun 'yan mata suka biyo: ta Gindiri, ta Kwoi, Queen of Apostles a Kakuri, St. Louis a Kano da Jos. Yarinyar da ta fito daga waɗannan wurare ba ta san wata rigima tsakanin bangaskiya da aiki ba, domin a inuwa ɗaya suke. Da addu'a ake buɗe ɗakin marasa lafiya kafin likita ya zaga. Shugabar nas-nas ita ce malamar makarantar Lahadi. Ƙararrawar da ta kira ki aji ita za ta kira ki sujada. Kuma kowa ya san aikin yana iya cin rai. A 1969 wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba a Lassa, aka kai ta Jos ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. A 1970 likitar da ke binciken cutar, Jeanette Troup, ta kamu ta rasu. Zazzaɓin Lassa da muke ji a rediyo kowane rani, a jikin mata ma'aikatan asibiti duniya ta fara saninsa. Babu wanda ya tsaya tambaya ko aikinsu hidimar Allah ne.

Kada dai mu shafa wa wancan zamani zuma fiye da kima. Albashin mishan ƙanƙane ne, kuma wadda ta nemi ƙari sai a ce son duniya ya shige ta. Ba ki da sirri, domin mai biyanki albashi shi ne mai lura da wanda ya raka ki gida. Budurwar da ta yi ciki takan rasa aiki da jibin Ubangiji a rana ɗaya, shi kuwa namijin sau da yawa ya sha da 'yan watannin horo. Tsofaffin da ke cewa da can an fi tsoron Allah suna da gaskiyarsu, amma wani ɓangare na abin tsoron Baturiya ne.

Shekarun 1970 ne suka raba gari. Gwamnatoci suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa. Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Aka ƙirƙiro jihohi a 1967, aka ƙara a 1976, kowacce da sakatariyarta mai neman akawu da masu buga tafireta da jami'an mulki. Bautar ƙasa ta fara a 1973, tana jefa yarinyar Zangon Kataf can ƙasar Yarbawa ko ta Ibo ita kaɗai. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buƙaci dubban malamai cikin gaggawa, matan da mishan ta koyar kuwa su ne a kusa. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, na Jos da Maiduguri suka zo a 1975. 'Yar nas ta karanta lauya, 'yar malama ta shiga banki. Sai kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya kashe gardamar a gidaje da yawa ba tare da an buɗe ko aya ɗaya ba: albashi ɗaya ya daina riƙe gida, mazan da ke cewa matarsu ba za ta yi aiki ba suka yi shiru, wasu ma su suka riƙa kai takardunta ofis-ofis.

'Ya'yan wannan canji sun kai inda iyayensu ba su yi mafarki ba. Clara Bata Ogunbiyi daga kudancin Borno ta zauna a Kotun Ƙoli daga 2012 zuwa 2018. Nenadi Usman ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya a 2006. Pauline Tallen ta zama mataimakiyar gwamnan Filato a 2007. Amma ba su ne damuwata ba. Mai irin wannan matsayi, kujerar gaba ake ba ta a majami'a. Damuwata ita ce ma'aikaciya mai matakin albashi na takwas, wadda aikinta ya fita daga harabar mishan, ya koma ƙarƙashin agogon gwamnati ko na kamfani, alhali ma'aunin da ikilisiya ke auna amincinta da shi yana nan inda aka bar shi.

A nan dole a yi maganar Zumuntar Mata, kuma dole a fara da yabo. Duk wanda ya girma a ECWA ko COCIN ko EYN ko HEKAN ko sauran 'yan'uwansu ya san cewa matan zumunta su ne ƙashin bayan ikilisiya. Su ne na farko a gidan makoki, su ne na ƙarshe da ke tashi. Su ne masu kai wa mai jego itace da sabulu, masu share majami'a, masu tara hatsi don masu bishara na daji. Da tulu da caki sun mai da labaran Littafi waƙoƙin da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta haddace. A wurinsu mata da yawa suka fara koyon tsayawa gaban jama'a su yi magana, su rubuta bayanin taro, su riƙe asusu, su yi zaɓe. Mace da yawa da ta yi fice a siyasa ko a ƙungiyar ƙwadago, a zumunta ta koyi shugabanci.

Sai dai an yanka wa zumunta lokacinta ne bisa rayuwar manomiya da matar gida: tsakiyar mako, da la'asar, bayan an dawo gona kafin a ɗora tuwon dare. A wurare da yawa har yau haka yake, da rajistar kiran suna, wani wurin har da tara ga wadda ba ta zo ba. To, nas ɗin da ke aikin rana ba ta tashi sai dare. Ma'aikaciyar banki ba ta san ranar da ta ga faɗuwar rana a gidanta ba. Malamar makarantar kuɗi tana tsare da 'ya'yan mutane har sai iyayensu sun zo. Mai zama a Maraba ko Masaka tana aiki a cikin Abuja, rabin ranta a cunkoson hanya yake ƙarewa. Idan ta ɓace mako uku sai magana ta fara zagawa: ai su 'yan boko ne, ba su da lokacin Allah, ai ba a tauna taura biyu. Ranar da ta samu zuwa, ga ta ba ta iya sabuwar waƙa ba, ga ɗaurin ɗankwalinta ya bambanta, sai ta ji kanta baƙuwa a cikin iyayenta. Ba ta sake dawowa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan matar da aka ce ba ta da lokacin Allah, ranar gidauniyar ginin majami'a ita ake aika wa katin gayyata a matsayin babbar baƙuwa. Zakkarta ba ta taɓa yin wari ba. Idan ɗan fasto yana neman gurbin karatu, ko dattijo yana neman gado a asibiti, lambarta ake nema. Muna cin amfanin aikin, amma ba mu yarda mu sa masa albarka ba. Saurayin da zai tafi makarantar tauhidi, ana kiransa gaba, a ɗora masa hannu, a yi masa baiko. Budurwar da aka ɗauka aiki a ofishin haraji, inda za a gwada gaskiyarta kowace safiya fiye da yadda za a gwada tasa a shekara, ba wanda ya kira ta gaba. Iyakaci ta zo ta yi godiya da ambulan.

Wa'azinmu ma ya taimaka wajen wannan rabuwa. Duk makon mata sai an karanta sura ta 31 ta Karin Magana, a tsaya a kan tashin asuba da ciyar da iyali. Ba safai ake tsayawa a inda matar nan ta duba gona ta saya da kanta, ta yi ciniki da fatake, ta san ribarta ba. Lidiya da ta buɗe wa Bulus gidanta a Filibi 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada. Biriskilla tare da mijinta Akila suke ɗinkin tanti, tare kuma suka gyara wa Afolos koyarwarsa. Debora shari'a take yanke wa al'umma guda. Ungozomomi biyu na farkon Littafin Fitowa, Shifra da Fu'a, ma'aikata ne da sarki ya ba umarnin kisa suka ƙi bi, kuma ban san wani labari da ya fi dacewa da ma'aikaciyar gwamnati ta yau kamar nasu ba. Amma labarin da aka fi jawo wa mace mai aiki shi ne na Marta da Maryamu, a mai da shi bulala, a ce hidimomi sun ɗauke mata hankali. Masu wannan wa'azi sukan manta cewa Marta ba ofis ta tafi ba. A madafa take, tana yin ainihin aikin da suke cewa shi ne na mace.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin ba ikilisiya kaɗai ke da laifi ba. Idan aiki hidima ne, to a wurin aikin za a ga bangaskiyar, kuma abin da ake gani ba kullum yake da daɗin faɗa ba. Akwai ofisoshin da ake buɗewa da addu'ar safe ta kusan awa guda, da waƙa da tafi, alhali tsoho ɗan fansho da ya taso daga ƙauye tun asuba yana zaune a benci yana jira. An gama addu'a, sai a ce masa ba a ga fayil ɗinsa ba, har sai ya gane abin da ake nufi ya sa hannu a aljihu. Akwai ɗakunan haihuwa da mata ke tsoron shiga saboda bakin ungozoma, ita kuwa ungozomar ranar Lahadi ita ce mai ba da waƙa. Akwai malamar da ta mai da aji shago, ta bar yara da rubutu a allo tana bin bashin atamfa a ofishin malamai. Aya a manne a jikin kwamfuta ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Musulmin da ya zo neman takardarsa ba zai karanta ayar ba. Zai tuna dai ko an wulaƙanta shi ko an mutunta shi.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suke biyan tsadar gaskiya shiru, ba mai sani. Akantar da ta ƙi sa hannu a takardar biyan kuɗin aikin da ba a yi ba, aka tura ta wani ofis da ba kujera. Malamar jami'a da ta ƙi sayar da maki, ɗalibai suka sa mata suna. Yarinyar da shugabanta ya nuna mata cewa ƙarin girma yana da hanyar da ba ta jarrabawa ba, ta ƙi, ta shekara biyar a mataki ɗaya. Irin wannan takan rasa wanda za ta gaya wa. A ofis za a ce ta cika tsaurin kai. A gida tana tsoron kada miji ya ce to ta bar aikin. A majami'a kuwa tana tsoron tambayar da ta san za a fara yi mata: wace irin shiga kika yi? Ƙungiyoyi irin su zumuntar ɗalibai ta FCS, wadda ta faro a Gindiri a 1957, da zumuntar nas-nas masu bi, sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi, amma ikilisiyar unguwa, inda matar take kowace Lahadi, ba kasafai take da kunnen jin wannan magana ba.

Akwai kuma wani gwaji da ke cikin gidan ma'aikaciyar kanta, wanda ba mu son a taɓo. Kusan duk macen da ke fita aiki da safe, wata ce ta tsaya mata a gida, kuma sau da yawa yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta. Ita ce mai tashi kafin kowa, mai kwanciya bayan kowa. 'Ya'yan gida suna makarantar kuɗi, ita tana ta gwamnati ta yamma, idan ma an sa ta. Ranar Lahadi tana bayan majami'a da goyo, uwar ɗakinta tana gaba tana ba da shaidar yadda Ubangiji ya ɗaukaka ta. Rikice-rikicen da suka raba mutane da ƙauyukansu a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da Borno sun ƙara yawan irin waɗannan yara, sun kuma rage musu daraja, domin iyayen ba su da bakin ciniki. Mu da kakanninmu suka samu karatu saboda wata ta ga yarinyar ƙauye ta ce wannan ma mutum ce, bai kamata a same mu da wannan ba. Wadda ta hau ta bar 'yar aikinta a jahilci, ban ga abin da za ta gaya wa shugaban ofis mai danne hakki ba.

Dalilin da ya sa nauyin ke faɗawa kan yarinyar kuwa sananne ne. Albashin mace ya shigo gida, amma aikin gida bai ragu daga kanta ba. Su biyu suka fita, su biyu suka dawo a gajiye, shi ya ɗauki waya, ita ta ɗauki tukunya. A shawarwarin kafin aure ana koya wa amarya biyayya dalla-dalla, ba a cika gaya wa ango cewa wanka wa ɗansa ba ya rage masa girma ba. Maganar kuɗi ma haka: wasu mazan sun ɗauka shugabancin gida yana nufin katin bankinta ya kwana a aljihunsu, wasu matan kuma sun ɗauka nasu nasu ne, na miji na kowa. Doka ta ba mai jego hutun mako 12, ma'aikatan tarayya suna samun 16, amma a ƙananan makarantu da asibitocin kuɗi, har da waɗanda masu bi suka mallaka, akwai inda ciki yake nufin sallama. Ga kuma wadda karatu da aiki suka kai ta shekara talatin da biyar ba aure: komai ta zama a wurin aikinta, a majami'a ba ta da mazauni, ta girmi zumuntar matasa, ta matan aure kuma ba ta karɓe ta ba. Jikokin Veenstra a bangaskiya sun rasa inda za su ajiye mace marar miji.

Wani abu da ba mu lura da shi ba shi ne, wurin aiki ya zama kusan wuri na ƙarshe da mace Kirista da mace Musulma ke zama a benci ɗaya. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 unguwanni sun rabu, kasuwanni sun rabu, makarantun yara ma sun rabu. Amma a ɗakin haihuwa, da ofishin malamai, da sakatariya, har yanzu ana yin adashe tare, ana kai wa juna naman Sallah da cincin na Kirsimeti, wannan ta riƙe wa wannan aiki ta je salla, waccan ta karɓar mata aikin safiyar Lahadi. Esther Ibanga, wadda ta yi shekaru tana aiki a Babban Bankin Najeriya kafin ta koma aikin fasto a Jos, ta jagoranci mata zanga-zangar lumana bayan kashe-kashen 2010, daga baya ta haɗa kai da mata Musulmi suka kafa ƙungiyar zaman lafiya, aka ba ta lambar yabo ta Niwano a 2015. Rebecca Dali ta EYN, malamar tauhidi, ƙungiyarta ta tallafa wa gwauraye da marayun rikicin Boko Haram ba tare da tambayar addininsu ba, aka karrama ta a Janeba a 2017. Mai cewa mace ta koma gida don ta tsare bangaskiyarta, ya sani yana neman rufe ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da suka rage a buɗe tsakaninmu da maƙwabtanmu.

Ba zan shiga gardamar naɗa mata fastoci ba. ECWA da COCIN da EYN ba sa yi, Lutheran ta LCCN tana yi, kowa da hujjarsa. Amma ko an bar wannan a gefe, abin mamaki ne a ce ikilisiya tana da ƙwararriyar akanta a cikin membobinta, sai a bar asusun a hannun dattijon da lissafi ke ba wahala, ita kuma a ba ta dafa shinkafar taron gunduma.

'Yan matan yau sun riga sun wuce inda muke gardama. Wata tana sayar da turare ta WhatsApp, wata tana zaune da na'urar POS a bakin titi, wata tana yi wa kamfanin da ba ta taɓa ganin ofishinsa ba aiki ta intanet, nas-nas kuwa suna ta haɗa takardun tafiya Ingila. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu gidan talaka da ke tambaya ko mace za ta nema. Tambayar ita ce sana'a nawa za ta haɗa. Da yawansu sun koma majami'un Turanci na birni, inda ake wa'azin ci gaba da buɗi, domin a can aƙalla an san suna da aiki, ko da yake a can ma ribar aikin aka fi yi wa addu'a, ba gaskiyar yinsa ba. Wasu sun buɗe wa kansu zauren addu'a a waya da ƙarfe biyar na asuba. Ƙishin yana nan. Mu ne muka ajiye ruwan a lokacin da ba sa gida.

Wasu ikilisiyoyin birni sun fara mai da taron mata ranar Asabar ko bayan sujadar Lahadi, kuma sama ba ta faɗo ba. Saura su bi. Iyayenmu shugabannin zumunta, ku soke tara a kan wadda ke bakin aiki, ku aika a gaishe ta kamar yadda kuke gaishe da mai jego. Fastoci da dattawa, ku ware Lahadi ɗaya ku kira nas da malama da 'yar sanda da mai sayar da tumatir a Farin Gada su fito gaba, ku ɗora musu hannu kamar yadda kuke yi wa mai tafiya aikin bishara. Idan kuma kun je ziyara gidan ma'aikaciya, bayan kun tambayi maigida da yara, ku kira yarinyar da ta kawo muku ruwa, ku tambaye ta ajin da take.